Kafin a Sayi Inji: Wace Hanya Ce Ta Fi Dacewa a Auna Ruwan Rafi a Tsaunukan Filato?

Samar da lantarki daga ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Filato ba sabon abu ba ne. Tun 1923 aka kafa tasha a Kwall domin masu haƙar kuza, a 1929 kuma kamfanin lantarki na NESCO ya soma aikin tashar Kurra, a yankin Barkin Ladi. Jos tana zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan sama yana kai milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara, kuma ta kowace kusurwa ruwa yana neman hanyar sauka, wani zuwa kogin Kaduna, wani zuwa na Gongola, wani zuwa na Binuwai. Shi ya sa ƙungiyar gari, ko makarantar kwana, ko mai gona da rafi ya ratsa bayan gonarsa, kan yi tunanin ɗan inji mai ba da kilowat biyar zuwa hamsin.

Lambobi biyu ne ke yanke hukunci. Na farko tsayin da ruwan zai faɗo, daga inda za a tare shi zuwa inda injin zai zauna. Wannan sau ɗaya ake auna shi, dutse ba ya matsawa. Na biyu yawan ruwan da ke wucewa, lita nawa a sakan, kuma shi ne mai wuyar sha'ani. Lissafin da ake fara yi a ƙaramar tasha shi ne: lita a sakan, sau mita na faɗuwa, sau 5, ya ba ka wat. Wannan 5 ɗin ya riga ya cire kusan rabin ƙarfin da ke ɓacewa a bututu da inji da janareta. Lita 40 a sakan da faɗuwar mita 30 za su ba da wat 6,000, wato kilowat 6. In ka yi kuskuren rabi a awon ruwa, ka yi kuskuren rabi a wutar, bayan ka riga ka biya kuɗin bututu da siminti.

Ma'aunan da za a bi

Abu na farko shi ne lokaci, kuma ya fi sauran nauyi. Damina a Filato daga Afrilu ne zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Daga Nuwamba zuwa Maris kusan babu ruwan sama, rafi yana rayuwa ne da abin da ƙasa ta adana. Wutar da gari zai dogara da ita duk shekara ruwan ƙarshen Fabrairu da Maris ne zai ba da ita. Don haka hanyar da za a iya maimaitawa a rani, mako bayan mako, ta fi hanya mai tsada da za a yi sau ɗaya a Satumba.

Sauran ma'aunan: yadda awon ke kusa da gaskiya, girman rafin da yanayin gindinsa, yashi ne ko duwatsu, kuɗin kaya da na ma'aikata, ɗorewar kayan idan ambaliya ta zo, ko ɗan gari zai iya yi ba tare da injiniya a tsaye ba, sai haɗari, ga mai awon da kuma ga aljihun mai aikin.

Bokiti ko duro

A tattara ruwan duka ya bi ta bututu ko kwararon kwano, a tara duro mai lita 200, a duba agogon waya. In ya cika a sakan 20, lita 10 ke nan a sakan. A maimaita sau uku zuwa biyar a ɗauki matsakaici. Ba a sayen komai, yaron sakandare zai iya, kuma in ruwan bai sulale ta gefe ba, babu awon da ya fi shi gaskiya. Iyakarsa ita ce girma: da ruwa ya wuce lita 20 a sakan, duron zai cika kafin ka danna agogo yadda ya kamata. Na maɓuɓɓuga ne da ƙananan ƙoramu.

Sakin abu ya bi ruwa

Wannan ita ce hanyar da kowa ke fara yi, kuma ita ce ta fi yaudara. Ana neman wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10 zuwa 20, a auna faɗi, a auna zurfi a wurare da dama a fitar da matsakaici, sannan a saki lemu ko robar ruwa da aka cika rabi, a ga sakan nawa zai yi. Lemu ya fi busasshen kara, domin yawancinsa na cikin ruwa, iskar hunturu ba ta tura shi.

Ga misali. Faɗi mita 2, matsakaicin zurfi santimita 20, lemun ya yi mita 10 a sakan 20. Lissafi zai ba da lita 200 a sakan. Sai dai ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, don haka dole a rage. A kwata mai siminti ana ninkawa da 0.85. A ƙaramin rafi mai santsi, 0.65. A rafi marar zurfi mai hargitsi, 0.45. In kuwa ruwan bai kai idon sawu da yawa ba, duwatsu sun yi tsiri-tsiri, ana sauka har 0.25. To dubi abin da ya faru da lita 200 ɗin nan: za ta iya zama 130, ko 90, ko 50, gwargwadon lambar da mai awon ya zaɓa. A faɗuwar mita 30, wannan bambancin kilowat 19.5 ne da kilowat 7.5. Rafukan da ke sauka daga Riyom ko Bokkos ko gefen duwatsun Shere galibi na duwatsu ne, wato inda hanyar ta fi rauni nan ne aka fi bukatarta.

Kuɗinta tef ne da lemu. Babu abin da ambaliya za ta tafi da shi. Amfaninta na gaskiya shi ne tacewa: in kana da rafuka biyar a zuciya, a yini biyu za ka san waɗanda ba su cancanci a koma musu ba. Ban yarda a ba mai ƙera inji lambar da aka samo ta wannan hanya kaɗai ba.

Allon tarewa mai bakin V

Ana tare rafin da allon ƙarfe ko na katako mai kauri, a yanka baki mai siffar V, mai kusurwar digiri 90, a tsakiya, ruwan duka ya zubo ta nan. Daga nan aikin ya koma karanta santimita. Tsayin ruwa a kan gindin bakin shi ne ke faɗin yawansa: santimita 10 kusan lita 4.4 ne a sakan, santimita 15 lita 12, santimita 20 lita 25, santimita 30 lita 68. A rubuta wannan a kwali a liƙa a bangon littafin awo, shi ke nan.

Sharuɗɗansa ba su da yawa amma ba sa ɗaukar wasa. Bakin ya zama mai kaifi, mai walda ya goge shi da kyau. Ruwan ya faɗo a sake, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa, kada ya manne wa allon. Bayan allon ya zama ɗan tafki mai natsuwa. Sandar awo kada a kafa ta a bakin, domin a nan ruwa ya riga ya sunkuya. A ja ta baya da kamar ninki huɗu na tsayin ruwan. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a karanta tsayi yana zama kashi 2.5 a yawan ruwa, shi ya sa ake durƙusawa a daidaita ido da fuskar ruwan, ba a karanta daga tsaye ba. Abin da ya fi ɓata awo a zahiri shi ne yoyo. Ruwa yana samun hanya ta ƙarƙashin allon, cikin tsakuwa, ba tare da kowa ya lura ba. Ana toshewa da buhunan yashi, leda mai kauri da laka, sannan a riƙa leƙa ƙasan allon a kowane zuwa: in ka ga ruwa garau yana tsattsafowa daga gindinsa, lambarka ta yi ƙasa da gaskiya.

Kuɗin matsakaici ne: falle ɗaya na ƙarfe, aikin mai walda, buhuna, leburori na yini ɗaya ko biyu. Ɗorewarsa a rani ba matsala. Damina ce abokiyar gabarsa. Ruwan farko mai ƙarfi zai cika bayansa da yashi, musamman a wuraren da aka yi haƙar kuza ƙasa ta zama sako-sako, ko ya tumɓuke shi gaba ɗaya. Mafi sauƙi a kafa shi a Nuwamba a cire a Afrilu. Kuma in rafin ya wuce lita 100 a sakan, tare shi da allo ya zama ƙaramin aikin gini, sai dai a koma baki mai kusurwa huɗu ko wata hanyar.

Dalilin da ya sa nake fifita shi ga ƙananan ayyuka shi ne yana mayar da awo aikin ɗan gari. Malamin firamare ko matashin da gidansu ke kusa zai iya zuwa kullum da safe da yamma, ya rubuta lamba, ya ɗauki hoto da waya ya tura. Watanni biyar na irin wannan littafi sun fi rahoton baƙon da ya zo yini ɗaya.

Zuba gishiri

Ga rafin duwatsu mai kumfa da jujjuyawa, inda ba za a iya auna faɗi da zurfi da gaskiya ba, wannan ce hanyar da ta dace. Ana auna gishirin girki a sikeli, a narkar da shi sarai a bokiti da ruwan rafin, a juye shi lokaci ɗaya. Can ƙasa, nisan da ya kai kamar ninki 20 zuwa 25 na faɗin rafin, wani yana riƙe da na'urar da ke auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Lambar za ta tashi yayin da gishirin ke wucewa, ta kai ƙololuwa, ta sauko inda ta fara. Ana rubuta ta duk bayan sakan 5. Ruwa mai yawa yana tsinka gishirin sosai, ruwa kaɗan yana barinsa da kauri, daga nan ake fitar da yawan.

Misali: an zuba giram 200, wato miligiram 200,000. Gishirin ya ɗauki sakan 200 yana wucewa, matsakaicin ƙarin da aka gani miligiram 10 ne a kowace lita. Sai a raba 200,000 da 2,000, wato 200 sau 10, a sami lita 100 a sakan. Ƙa'idar da ake bi wajen yawan gishiri ita ce kilo 1 zuwa 2 ga kowace lita 1,000 a sakan, wanda bai kai ya dami mai sha ko dabba ko shuka ba, kuma cikin mintuna ya wuce. Duk da haka a gaya wa mutanen wurin tun kafin a fara. Wanda ya hango baƙi suna juye wani abu a ruwan da iyalinsa ke sha yana da haƙƙin ya tambaya, kuma gara ya ji daga bakin mai unguwa tun da wuri.

In an yi daidai, kuskurenta bai cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Na'urar aljihu ba ta kai farashin wayar hannu mai kyau ba, ba a gina komai, komai yana shiga jakar goyo, ba sai an shiga tsakiyar ruwa ba. Rauninta uku ne. Tana son mai haƙuri da lissafi, domin sai an fara gwada na'urar da ruwan rafin da gishirin da aka sani nauyinsa. Ba ta aiki inda akwai kududdufi ko ciyawa mai yawa tsakanin wurin zubawa da wurin awo, gishirin zai maƙale ya riƙa fitowa a hankali. Sannan awon lokaci ɗaya take bayarwa, gobe sai an sake.

Na'urar farfela

Ita ce ta ma'aikatan ruwa: 'yar farfela ce da ruwa ke juyawa, saurin juyawarta ya nuna gudun ruwan. Ana ja igiya a tsallake rafin, a raba shi gida kamar 20, a kowane gida a nutsa farfelar zuwa kashi 6 cikin 10 na zurfin daga sama, a karanta gudu. A rafi mai faɗi, mai gindin yashi, mai zurfin gwiwa, ba ta da na biyu, kuma ita ce awon da masu ba da lamuni suka saba gani. Amma kayan waje ne, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, yashi yana cinye ƙarfenta, gyaranta ba na bakin titi ba ne. A ruwan Maris mai zurfin santimita 8 tsakanin duwatsu ba ta da wurin juyawa. Mai aiki ɗaya bai kamata ya saya ba. A ɗauko ƙwararre da kayansa, daga jami'a, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, ko hukumar raya kogi. Haɗarinta shi ne dole a shiga ruwan. A damina ruwa kan sauka a kan tudu ba ka sani ba, rafin ya cika cikin mintuna. Da ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, ko launinsa ya fara juyawa ja, a fito.

Lissafi daga taswira da ruwan sama

Wannan a kan kwamfuta ake yi. Da manhajar QGIS, wadda kyauta ce, da bayanan tudu da kwari na tauraron ɗan Adam, ana zana iyakar ƙasar da ke zubo wa rafin ruwa. A ce murabba'in kilomita 10 ce, ruwan sama mita 1.3 a shekara: mita kubik miliyan 13. In aka ɗauka kashi 30 cikin 100 ne ke isa rafi, aka raba da sakan miliyan 31.5 na shekara, za a sami kusan lita 124 a sakan. Lambar tana da daɗin ji, amma matsakaicin shekara ce, kuma mafi yawan ruwan ya wuce ne tsakanin Yuli da Satumba. Ba ta ce komai game da Maris ba.

Rafuka biyu masu faɗin ƙasa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a rani. Wanda ke kan dutse tsantsa mai siririyar ƙasa yakan ƙafe da wuri. Wanda ke samun ruwa daga duwatsun tsohon aman wuta, irin na yankin Kerang da Panyam a Mangu, maɓuɓɓuga na riƙe shi. Tsofaffin kududdufan kuza ma suna tsiyayo wa wasu rafuka ruwa a hankali. Ana iya aro bayanan wani rafi da aka daɗe ana aunawa a daidaita da faɗin ƙasa, kuma Hukumar NIHSA mai tattara bayanan ruwan koguna a Abuja da NiMet mai hasashen yanayi su ne wuraren tambaya, sai dai dogayen bayanai sun fi yawa a manyan koguna irin na Lokoja da Makurdi. Inda wannan hanya ba ta da madadi shi ne ƙiyasin ambaliya, domin a san tsayin da za a ɗaga ɗakin inji da ƙarfin da mashigar ruwa ke bukata. A haɗa da tambayar dattawan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa, a duba tarkacen da ya rataye a rassan bishiya.

| Hanya | Rafin da ta dace da shi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Duro | ƙasa da lita 20 a sakan | kusan babu | ba matsala | kowa | ruwa ya sulale ta gefe |
| Sakin lemu | miƙaƙƙe, mai santsi | kusan babu | ba matsala | kowa | kuskure mai yawa a duwatsu |
| Allo mai bakin V | lita 2 zuwa 100 | matsakaici | rani kaɗai | kafawa da ƙwararre, karatu kowa | yoyo da yashi |
| Gishiri | na duwatsu, mai kumfa | matsakaici | na'ura na son kulawa | sai an koya | gishiri bai gauraya ba |
| Farfela | mai faɗi da zurfi | mai yawa | yashi na lalata ta | ƙwararre | shiga ruwa |
| Taswira | kowane | lokacin masani | ba a filin take ba | masani | ɓoye ƙarancin rani |

Abin da babu na'urar da za ta nuna

Filato ƙasar noman rani ce: dankalin Turawa, tumatir, kabeji, karas. Injin ban ruwa mai bakin inci 2 yana jan lita 8 zuwa 10 a sakan, mai inci 3 kusan 16. In rafinka yana da lita 60 a Maris, masu lambu huɗu a sama suka tayar da injinansu da hantsi, fiye da rabi ya tafi. Wanda ya auna da asuba zai ga wani rafi, wanda ya auna da azahar zai ga wani. Don haka a taka a bi rafin zuwa sama, a ƙirga injinan da tiyo-tiyon da ke kwance a gaɓa, a zauna da masu lambun. Sun riga ka zuwa wurin, kuma abincinsu ne. Haka nan ba a kwashe ruwan duka a zuba a bututu: tsakanin mashiga da ɗakin inji akwai masu wanki, makiyaya da ke shayar da shanu, da kifi. Abin da za a bar musu a cire shi daga lambar tun kafin a kai wa mai ƙera inji.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Mai gona ko gida ɗaya da ke da maɓuɓɓuga a kan tudu, yana neman wutar fitila da caji da firji: duro ya ishe shi, sau ɗaya a mako daga Janairu zuwa saukar ruwan farko, ya yi aiki da lamba mafi ƙanƙanta.

Wanda har yanzu yake zaɓe tsakanin wurare da yawa: ya fara da taswira ya ga faɗin ƙasar kowanne da gangarensa, ya bi su da lemu da tef a Fabrairu, ya rage su zuwa biyu.

Ƙungiyar gari, makaranta ko asibiti mai neman kilowat 5 zuwa 30 daga ƙaramin rafi: allo mai bakin V, rani guda cikakke, karatu safe da yamma, a biya mai karantawa ɗan alawus domin kada littafin ya yi giɓi. In shekarar ta zo bayan damina mai albarka, a ƙara rani na biyu.

In rafin duwatsu ne zalla, ko ya fi ƙarfin allo: gishiri, tare da sandar awo da aka ɗaure a jikin dutsen da ba ya motsi. A yi awon gishiri sau 8 zuwa 10 a matakan ruwa daban-daban, kowane a rubuta abin da sandar ta nuna, har a sami jadawalin da ke juya santimita zuwa lita. Bayan kowace babbar ambaliya a sake gwadawa, domin gindin rafi yana canzawa.

Mai neman abin da ya haura kilowat 100, wanda zai sayar da wuta, ya nemi izinin hukumar kula da lantarki da kuɗin banki: ya ɗauko ƙwararre da farfela ko gishiri, a kafa na'urar da ke rubuta tsayin ruwa da kanta, a tara bayanan shekara ɗaya zuwa biyu, a gwama su da tarihin ruwan sama na shekaru masu yawa. Daga nan ake zana jadawalin da ke nuna ruwan da rafin ke kaiwa a kashi 90 cikin 100 na kwanakin shekara, kuma a kan wannan lambar ake yi wa masu sayen wuta alkawari.